Darasi a Gida, Aiki a Aji: Bidiyo da Koyarwa a Makarantun Paraku da Jugu

 

Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara girma. Limamai da malamanmu na zaure da suka bar almajiransu suka taho, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu, abokan aikina malamai maza da mata, iyayenmu da suka rufe shaguna saboda mu, da ɗalibai da nake hangowa a bakin taga don kujeru sun ƙare, ina yi wa kowa barka da war haka.

Na taso daga Paraku bayan sallar asuba, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, kafin hantsi ya dubi ludayi har an ajiye mini sakwara a Jugu. A mota na riƙa tuna fataken da ke bi ta garin nan a zamanin da, daga Kano zuwa Gwanja neman goro, waɗanda zangonsu ya zama unguwannin da muke kira Zongo a yau. Su watanni suke yi a hanya. Masu masaukina sun ce in yi magana da Hausa, na kuwa ji daɗi, domin Dendancina na cin kasuwa ne kawai. Wanda wata kalma ta shige masa duhu ya taɓa na kusa da shi.

An ba ni magana a kan abin da littattafan Faransanci ke kira classe inversée, ni kuma na ce juya aji. Wani dattijo da ya ga takardar gayyata ya tambaye ni ko bencina za mu juya, yara su ba allo baya. A'a Baba, bencina suna nan yadda suke. Abin da ake juyawa shi ne tsarin aiki: bayanin darasi, wanda aka saba yi a aji, yaro ya kalle shi a ɗan gajeren bidiyo kafin ya zo, aikin gwaji, wanda aka saba ba shi ya tafi da shi gida, a yi shi a aji malami yana tsaye. Zan kasa maganar gida bakwai, wasu dogaye, wasu ba su kai tsawon shan shayi ba.

Na farko: ina lokacinmu yake tafiya?

Ku zo mu shiga ajin lissafi na awa biyu a kowace sakandaren CEG kuka ga dama. Kiran suna ya ci minti goma. Malami ya juya ya cika allo da rubutu, yara suna kwafa. Ya ɗauki tsumma zai goge, sai a ji daga baya: "Mushe, ba mu gama ba!" Ya jira. Ya goge, ya sake cikawa. Ya yi misali ɗaya da kansa, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa baki ɗaya cewa an gane. Wa ya taɓa jin aji ya ce bai gane ba? Kafin a ankara an kaɗa ƙararrawa, sai ya rubuta lambobin aikin gida a gefen allo yana tattara jakarsa.

Manhajarmu ta APC ba haka ta tsara ba, kun fi ni sani. Ta ce a ba yaro umarni, ya yi aiki shi kaɗai, ya yi da rukuninsa, sannan aji ya taru a kan sakamako. A takardar shirin darasi duk muna rubuta matakan nan uku, har da mintocinsu. Amma idan jarrabawar BEPC ta matso, shugaban makaranta yana tambayar inda aka tsaya a manhaja, wane mataki ne ake fara yankewa? Aikin rukuni. Sai kwafa ta dawo ta mamaye komai.

To, yaron nan ya isa gida da aikin da aka ba shi. Wa zai tambaya idan ya cije? Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya iya lissafin buhu ɗari na kashu a ka, amma ba da haruffan x da y ba. Mahaifiyarsa tana kan tuwo. Gidan da ke da hali sun ɗauki mai bita, ana biyan sa duk wata. Gidan da babu hali, yaro ya rufe kaye, da safe ya kwafi na abokinsa a ƙofar makaranta. Mun ɗauki sashe mai sauƙi, wato saurare da kwafa, mun ajiye shi inda malami yake, sashe mai wuya kuma mun tura shi inda babu kowa. Wannan ne ciwon da nake so mu duba, bidiyo kuwa hanya ce kawai ta kwato lokacin da allo ke cinyewa.

Na biyu: daga ina abin ya fito?

A shekarar 2007, wasu malaman kimiyyar sinadarai su biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suna koyarwa a sakandaren Woodland Park da ke jihar Colorado a Amurka. Garin yana cikin duwatsu, ɗalibansu masu wasanni kan yi doguwar tafiya zuwa gasa, su rasa darasi. Malaman suka gaji da maimaita bayani ga duk wanda ya dawo, sai suka fara naɗar darussansu suna sawa a intanet. Suka lura har waɗanda ba su yi fashi ba suna kallo. Daga nan suka tambayi kansu: yaushe ne yaro ya fi bukatar malami a kusa da shi? Amsar ita ce lokacin da ya cije a kan aiki. A 2012 suka fitar da littafi a kan abin da suka yi, sunan ya bazu. Haka Salman Khan, wanda ya fara da koya wa 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya soma sa bidiyo a YouTube a 2006, abin ya zama Khan Academy. Ya ba da labarin cewa 'yan uwan nasa sun fi son sa a bidiyo fiye da a fili, saboda suna iya tsayar da shi, su mayar da shi baya, ba tare da jin kunya ba. Tun 2013 ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières take juya darussan nan zuwa Faransanci, kyauta.

Mu ba gasar wasanni ke raba yaranmu da aji ba. Namu tsintar kashu ne daga Fabrairu zuwa gaba, da ranar kasuwa, da zazzaɓin damina, da yarinyar da aka tsayar ta yi renon ƙane. Amma ramin da fashi ke bari a kan yaro iri ɗaya ne ko a ina.

Sannan ina so malamanmu na zaure su gyara mini idan na kauce. Almajirin da ke karatun Ahlari ko Iziyya ko Risala, yana zuwa gaban malam da shafin da bai taɓa buɗewa ba? Ba ya yi, sai in yana neman faɗa. Yakan kwana yana muɗala'a, ya bi layukan da za a ƙara masa, ya gane inda ya fi ƙarfinsa. Da safe shi ne ke jan baƙi, malam yana fassara, yana gyara, yana tsayawa inda almajirin ya yi tuntuɓe. Ashe ba juyayyen aji ke nan ba? Kuma mu ne mutanen da suka saurari tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna da kaset, yau kuma wa'azi na yawo a memori daga waya zuwa waya har ƙauyen da babu lantarki. Karatu ta na'ura ba baƙo ba ne a Zongo. Makarantar boko ce ta makara.

Na uku: shin yana aiki?

A nan zan rage muku zaƙi. A 2016 an yi gwaji a makarantar sojoji ta West Point a Amurka, da ɗalibai sama da 1,000, a lissafi da tattalin arziki. Aka yi ƙuri'a, wasu azuzuwa aka juya musu wani yanki na manhaja, wasu aka bar su yadda aka saba. A lissafi waɗanda aka juya wa aji sun ɗan fi maki a gwajin da ya biyo baya, a tattalin arziki babu bambanci. Zuwa jarrabawar ƙarshe ribar ta ɓace. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda suka amfana galibi masu ƙoƙari ne tun asali, tazara tsakaninsu da na baya ta ƙaru. Kuma fa can kowane ɗalibi yana da kwamfuta da wuta da intanet. Ina ga mu?

Ga kuma darasi daga maƙwabta. Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a makarantun firamare a 1964. Kodebuwa ta yi nata gagarumin shirin daga 1971, ana shirya darussa a Buwake, ana kai akwatunan talabijin da batura har ƙauyuka. A 1982 aka rufe shi, bayan kuɗi masu yawa da ƙorafin iyaye da malamai. Akwati yana magana, yara suna kallo, malami ya koma mai kunna na'ura.

Amma akwai wani binciken na 2014, wanda Scott Freeman da abokansa suka tattara nazari 225 a jami'o'i, a fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci. Inda malami ke zuba bayani kawai, kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ɗalibai ke aiki da hannunsu da bakinsu a cikin aji, kusan kashi 22 ne. Ku lura, wannan bincike ba a kan bidiyo yake ba, a kan abin da ake yi a aji ne. Hukuncina ke nan: ribar tana cikin aikin aji. Malamin da ya tura bidiyo, sannan ya zo ya maimaita bayanin nan a allo, ya ƙona wa iyaye kuɗin data a banza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na huɗu: waya, data da wuta.

Na san tambayar da ke bakin iyaye tun da na fara: wa zai biya? Kuna da gaskiya. Ba mu manta 2018 ba, lokacin da aka sa harajin dala ɗaya a kan kowane mega na shafukan sada zumunta, matasa suka yi ca, aka janye shi a watan Satumba. Ba mu manta 2020 ba, da aka rufe makarantu a ƙarshen Maris saboda korona har zuwa Mayu, muka ga da idonmu yaran da ke iya karatu daga gida da waɗanda ba su iya. Ko MTN kake, ko Moov, ko Celtiis da ta shigo a 2022, data kuɗi ce, kuma jaka ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da yara shida.

Bari in faɗa muku kuskurena. Shekarar da na fara, na buɗe rukunin WhatsApp, na zuba bidiyo, na zo aji ina taƙama. Waɗanda suka kalla ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na yi faɗa, har na rage maki. Bayan an tashi wata yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta. Ta ce wayar gidansu ɗaya ce mai kallo, tana aljihun babanta, shi kuma ba ya dawowa daga tasha sai bayan isha'i. In ya dawo wayar ba caji, in an sa caji yayyenta maza ne ke fara ɗauka. Ta ce, "Mushe, ni ban ƙi kallo ba." Na rasa inda zan sa fuskata. Na hukunta yarinya saboda aljihun babanta.

Daga ranar na canja tsari, kuma a wurin masu tura fina-finai na koyo shi. Ku je bakin kasuwar Arzèkè a Paraku, ko tashar motar garin nan, ku ga yadda fim ɗin Hausa da ya fito a Kano yake shiga wayoyi ɗari ba tare da ko mega ɗaya ya ƙone ba. Mutum ɗaya ne ya sauke, saura duk Xender ne da Bluetooth da memori. To, ni ne mai saukewa. Ina matse bidiyon ya zama ƙarami, kada ya wuce mega goma zuwa goma sha biyar, in tura wa shugabannin rukuni, su raba. Na kasa ajin rukuni-rukuni bisa unguwa, mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni da gidan da aka tabbatar akwai waya kuma an nemi izinin mai gidan. 'Yan mata rukuninsu daban, kallonsu da rana, a gidan da uwa take. Ba na son a ce darasina ya fitar da 'yar mutane bayan magariba. Wanda duk wannan bai same shi ba, yammacin Laraba da babu darasi ina nan a makaranta da wayata da ƙaramar lasifika. Kuma kowane bidiyo yana da takarda guda mai ɗauke da taƙaitawarsa, saboda ranar da aka ɗauke wuta.

Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, ko da tsofaffi ne, akwai manhajar Kolibri ta kyauta, wadda ake zuba wa darussa sau ɗaya, ta yi aiki ba intanet. Game da dokar hana shigowa da waya da makarantu da yawa suka kafa, ina goyon bayanta. Tsarin nan ba ya bukatar waya a cikin aji ko kaɗan.

Na biyar: bidiyon kansa.

Na farko da na yi minti 25 ne, na sa babbar riga, na tsaya gaban allo kamar mai karanta labarai. Ni kaina ban iya kallon sa har ƙarshe ba. Daga baya na ci karo da binciken Philip Guo da abokansa na 2014, waɗanda suka duba kallo kusan miliyan 6.9 a dandalin edX, suka ga hankalin mai kallo yana fara guduwa bayan kamar minti shida. Waɗannan fa manya ne da suka kai kansu. Yanzu ba na wuce minti biyar ko shida, kuma magana ɗaya tak a kowane bidiyo.

Kayan aikin ba su da yawa. Ina tara littattafai a kan tebur kusa da taga, in ɗora waya a kai kyamararta tana kallon ƙasa, in shimfiɗa farar takarda, in ɗauki baƙin alƙalami mai kauri. Hannuna kawai ake gani, muryata ake ji. In zakara ya yi cara a tsakiya, ba na sakewa, yara ma dariya suke yi su ce zakaran Mushe ya gane. In na yi kuskure sai in soke shi a gabansu in gyara, don su ga malami ma yana soke rubutu.

Ba dole sai ka yi naka ba. Akwai Khan Academy ta Faransanci, akwai darussan lissafi na Yvan Monka, malami a Faransa, a YouTube. Sai dai ka kalla daga farko har ƙarshe kafin ka tura, domin manhajar Faransa da tamu ba su jera daidai ba, wani abin da suke yi a wannan aji mu sai a na gaba, kuma Faransancinsu yana gudu. Ni dai na ga yara sun fi tsayawa a kan muryar da suka sani.

Ga wata dama da allo bai ba mu ba. A aji harshen koyarwa Faransanci ne, jarrabawa ma da shi za a yi. Amma me zai hana, bayan bayanin Faransanci, a ƙara minti ɗaya da Dendi, ko Hausa, ko Bariba, ko Yom, ana barin kalmomin fannin yadda suke a littafi? Yaro nawa ne muke cewa ba su iya lissafi ba, alhali jimlar tambayar ce ba su gane ba? Kuma uwar da ba ta shiga lakwal ba, in ta ji darasi da harshenta yana fita daga waya, ta san abin da ɗanta ke kallo. A taronmu na malaman fanni na kowane mako ana iya raba aikin: wannan ya ɗauki babi ɗaya, waccan ta ɗauki na gaba, mai Dendi mai kyau ya sa murya.

Kada bidiyo ya ƙare ba tare da aiki ba. Nawa kullum yana rufewa da abu biyu: rubuta ƙa'idar a kayenka da hannunka, sannan ka zo da amsar wannan tambaya ɗaya, ko kuma da abin da ba ka gane ba.

Na shida: me ake yi a ajin?

Nan ne zuciyar maganar, don haka ku ba ni dama in kai ku ajina ranar da muka yi ƙa'idar Pythagore. Bidiyon ya riga ya nuna cewa a alwatika mai kusurwar digiri 90, in ka ninka kowane gajeren gefe da kansa ka haɗa, za ka sami dogon gefe ninke da kansa. An kwafi ƙa'idar a gida. Ban rubuta ta a allo ba.

Na shigo da igiya, da ƙusoshi uku, da ma'aunin tela. Na fara da tambaya ɗaya a allo: dogon gefe 13 ne, ɗaya gajeren 5, nawa ne na ukun? Na ba da amsoshi uku a zaɓa. Kowa ya rubuta zaɓinsa a ƙaramin allo ko bayan kaye, na ƙirga uku, aka ɗaga gaba ɗaya. Waɗanda suka fito daga makarantar horon malamai ta nan Jugu sun san wannan, dabarar La Martinière ce da ake yi a firamare, mu na sakandare muka raina ta. Cikin daƙiƙa goma na ga kan kowa. Kusan rabin aji sun haɗa 169 da 25, maimakon su cire. Da a tsohon tsari ne, sai ranar gyaran jarrabawa zan gano haka, bayan mako uku.

Ban faɗi amsa ba. Na ce kowa ya nemi wanda amsarsa ta saɓa da tasa, ya shawo kansa, minti uku. Wannan dabarar Eric Mazur ce, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard, wanda tun farkon shekarun 1990 ya gano ɗalibansa suna cin jarrabawa ba tare da sun fahimci abin ba. Ajin ya kaure kamar kasuwar dabbobi. Na ji wani yaro a benci na baya, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara, yana ce wa abokinsa da Dendi: in amsarka ta fi 13, ta yaya 13 zai zama dogon gefe? Wallahi ni ban taɓa bayyana shi da sauƙi haka ba. Aka sake ɗaga alluna, mafi yawa sun dawo kan 12.

Sannan muka fita fili. Na tambaya ko akwai ɗan magini, yara biyu suka fito. Na ce su nuna mana yadda ake fitar da kusurwar ɗaki kafin a haƙa tushe. Ɗayan ya kafa ƙusa, ya auna santimita 60 ta nan, 80 ta can, ya ja igiya tsakani har sai da ta ba da mita ɗaya cif. Ya ce haka babansa ke yi. Na ce aji ya ninka: 3,600 da 6,400, jimla 10,000, wato 100 sau 100. Yaron ya tsaya yana kallon igiyar, ya ce, "Ashe Baba Pythagore yake yi." Muka koma ciki, sauran awa guda aka yi ta aikin gwaji a rukuni, ni kuma ina zagawa, na fi daɗewa a bencin waɗanda allunansu suka nuna mini sun ɓata.

Fatake suna da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya, suna da madugu wanda alhakin ayari duka ke wuyansa, har jakin da ya gurgunce. Bidiyo jagaba ne. Bai san wanda aka bari a baya ba.

Wanda bai kalla ba fa? Ba na korar sa, ba na kuma sake bayani ga aji duka saboda shi, domin in ka yi haka sau biyu babu mai sake kallo. Yakan zauna gefe da takardar taƙaitawa minti goma, ɗan rukuninsu ya bi da shi, sannan ya shigo aiki. Yara ba sa son a bar su a gefe ana hayaniya mai daɗi, mako biyu ya isa su gyara.

Na bakwai, kuma gajere: roƙo.

Iyaye, aron waya na minti goma muke nema, ba sayen sabuwa ba. A kashe data, a buɗe abin da malami ya turo, a kalla a tsakar gida inda kuke gani. Yaron da ya shige ɗaki awa biyu ya ce darasi yake kallo, TikTok yake kallo, bidiyonmu bai kai haka ba. Kuma a ba 'ya mace nata lokacin kafin yayyenta.

Shugabannin makarantu da masu duba malamai, in kun ji aji yana hayaniya ku leƙa kafin ku yanke hukunci. In kun ga allo ba rubutu, ku duba kayen yara.

Abokan aikina, musamman matasan da ake kira aspiran, waɗanda awoyi suka yi wa yawa, ba zan ruɗe ku ba: shekarar farko aikin ƙaruwa yake yi. Bidiyon minti biyar yakan ci mini awa guda, shirya tambayoyin aji ya fi haka. Sauƙin sai a shekara ta biyu, lokacin da kayan suna ajiye. Kada kowa ya ce zai juya shekara duka. Ku zaɓi babi ɗaya a zangon nan, wanda kuka san yara suna faɗuwa a kansa kowace shekara, ku fara da ƙirga gidajen da ke da waya kafin ku naɗi komai. In mun sake haɗuwa, a Paraku ko a nan, kowa ya zo da abin da ya gani, har da wanda bai yi kyau ba.

  Igiyar da ƙusoshin suna cikin jakata, bidiyon Pythagore yana wayata, mai so ya same ni bayan an tashi in tura masa. Shugaba, na mayar maka da lasifika. Ina sauraron tambayoyi, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren iyaye mata.